Kafin a maida inji, a duba robar mai

A wannan wata filin nan ya leƙa gareji a Dakoro.

Wani dattijo, manomi kuma mai kiwo, yana da tsohuwar mota Toyota Hilux. Ita ke ɗaukar hatsi da awaki da mutane zuwa Kornaka da Maradi. Wani lokaci ta yi arewa, ta keta Tarka zuwa Bermo. Bayan damana injinta ya fara hayaƙi, ƙarfi ya ragu. Ya saida rago biyu, ya kai ta gareji. Anka sauke inji.

Makanike ya haska tocila cikin ramin da inji ya bari. Ya ce: "Baba, tun da inji yana ƙasa, mu canza robar mai ta bakin akwatin giya."

Dattijo ya ce: "Ɗana, tana yoyo ne?"

"Ba ta fara ba tukuna."

"To, a kan me zan biya kuɗin abin da bai lalace ba?"

Tambayar dattijo tana kan hanya. Kuɗi ba ganye ba ne. Kuma akwai masu gyara da ke son ƙara wa mutum lissafi. Amma a nan makanike ke da gaskiya. Ga dalili.

Akwatin giya, wanda direbobi ke ce wa bwat, yana bayan inji. Cikinsa akwai mai. Sandar ƙarfe tana shiga ta gaba, wata tana fita ta baya. A kowane baki akwai ƴar roba kamar zobe, ita ke tare mai. Makanikai na ce mata juwan. Zafi da ƙura da shekaru suna busar da ita, kamar yadda wasaki ke bushewa ya tsage.

Robar gaba a ɓoye take, tsakanin inji da bwat. Hannu ba ya kai gare ta sai an raba su biyu. Ita kanta ba ta da tsada. Aikin kai wa gare ta shi ne mai tsada. Yau an riga an biya wannan aiki. In anka maida inji, sannan ta tsage bayan wata uku, sai a sake kwance mota, a sake biya.

Kuma ba kuɗin aiki kaɗai ba. Kusa da robar nan akwai faifan kuloci. Shi a bushe yake aiki. In mai ya taɓa shi, sai ya riƙa sulɓi: inji na kuka, mota ba ta ja. A kan kwalta ana lallaɓawa. Cikin rairayin Tarka, da buhuna ashirin a baya, mota tsayawa take yi. In kuwa mai ya tsiyaye duka ba a sani ba, bwat ɗin ya ƙone. Daga Dakoro zuwa Maradi ya fi kilomita 100, kuma sau da yawa can ake samo kayan gyara.

Manomi ya san wannan. Ranar da rumbu ya zama wayam ake liƙe gindinsa, ba ranar da anka cika shi da damma ba.

Akwai wata roba a bayan injin kansa. Ita ma sai an raba su ake ganinta. A canza ta tare. A duba faifan kuloci ko ya cinye.

Amma ba duka ake canzawa ba. Robar bayan bwat a fili take. Ana kai wa gare ta daga ƙarƙashin mota, ba sai an taɓa inji ba. In ba ta yoyo, a bar ta. Nan dattijo ya ci riba.

Abu ɗaya ke ɓata wannan shawara: roba ta jabu. Tsohuwa mai kyau ta fi sabuwa marar kyau. Mai mota ya nemi ganin sabuwar da idonsa. Ya taɓa bakinta, ya ji yana da laushi. Ya duba sandar ƙarfe da farce: in ta yi kwari inda roba ke zama, sabuwa ma za ta yi yoyo. A shafa mata mai kafin a sa. A buga ta a hankali, ta zauna daidai, kada ta karkace. Kuma ya ce a ba shi tsohuwar a hannu.

Dattijo ya yi shiru. Can ya ce: "Sa biyun nan na ciki. Ta baya ka ƙyale ta."

Da anka ciro tsohuwar, ya matsa ta da yatsa. Ta yi tauri kamar ƙirgi. Ya lanƙwasa ta kaɗan, bakinta ya tsage. Ya ɗaure ta a leda, ya sa aljihu, ya ce zai gwada wa ƙanensa da sunka haɗa kuɗin motar tare.