SHARHI: Harshe biyu, jinya ɗaya: Gwajin daidaito tsakanin Welsh da Turanci a dokokin masu ɗawainiya da 'yan'uwa a Wales

A yankin Wales na ƙasar Birtaniya akwai mutum kimanin 310,000 da ke ɗawainiya da wani nasu, tsoho ko mara lafiya ko mai naƙasa, ba tare da an biya su albashi ba. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2021 ce ta fitar da wannan adadi, ta kuma nuna cewa sama da 100,000 daga cikinsu suna shafe sa'o'i 50 ko fiye a kowane mako a kan wannan hidima. Ƙidayar ta kuma nuna cewa mutum 538,300, wato kashi 17.8 cikin 100 na masu shekara uku zuwa sama, suna iya magana da harshen Welsh. A ƙaramar hukumar Gwynedd masu jin harshen sun kai kashi 64 cikin 100, a tsibirin Anglesey kuma sun haura rabin jama'a.

Inda waɗannan alƙaluma biyu suka haɗu, nan ne ake gwada gaskiyar wata magana da ke cikin dokokin Wales: cewa ba za a fifita Turanci a kan Welsh a hidimar gwamnati ba. A kan takarda an cimma wannan daidaito. Amma mai jinya a gida ba da takarda yake hulɗa ba. Yana hulɗa da jami'in da zai zauna da shi ya saurari halin da yake ciki, kuma a wannan zama ne daidaiton ke tabbata ko ya rushe.

Daga haramci zuwa matsayin hukuma

Dokar da ta shigar da Wales ƙarƙashin tsarin shari'ar Ingila a 1535 ta wajabta Turanci a kotuna, ta kuma hana wanda bai yi aiki da Turanci ba riƙe muƙamin gwamnati. An ɗauki fiye da shekaru 400 kafin a fara warware wannan ƙulli. A shekarun 1950 wasu ma'aurata, Eileen da Trefor Beasley, sun ƙi biyan harajin ƙaramar hukuma a yankin Llanelli har sai an aiko musu da takardar neman harajin cikin Welsh. An yi ta kai su kotu, an kwashe musu kayan ɗaki, sai a 1960 aka ba su takardar cikin harsuna biyu.

Dokar Harshen Welsh ta 1993 ta kafa ƙa'idar cewa a ɗauki harsunan biyu daidai wa daida wajen gudanar da harkokin jama'a, ta umarci hukumomi su rubuta wa kansu tsarin yadda za su yi hakan. Raunin wannan hanya shi ne hukuma ita ke tsara alƙawarinta, kuma babu hukunci mai ƙarfi idan ta saɓa.

Dokar 2011 ta sauya salo. Ta bai wa Welsh matsayin harshen hukuma a Wales, ta ƙirƙiri ofishin Kwamishinan Harshen Welsh, ta maye gurbin alƙawari da ma'aunai na dole. Kwamishina, wadda tun 2023 ita ce Efa Gruffudd Jones, tana da ikon binciken hukumar da ta gaza, da ba ta umarnin gyara, da cin tarar da za ta iya kaiwa fam 5,000. Ma'aunan sun fara aiki a kan ministocin Wales da ƙananan hukumomi 22 a watan Maris na 2016, sannan suka hau kan hukumomin lafiya a watan Mayu na 2019.

Akwai wani bambancin lafazi da duk mai rubuta daftarin doka ya kamata ya lura da shi. Dokar 1993 ta yi maganar daidaito tsakanin harsuna biyu. Ta 2011 kuwa cewa ta yi kada a ba Welsh kulawar da ta gaza ta Turanci. Masu tsara ta sun fahimci cewa Turanci ba ya buƙatar kariya, domin shi ne harshen da komai ke gangarawa gare shi idan aka yi sakaci. Kariyar sai ta karkata ga wanda ke iya faɗuwa.

Haƙƙin mai jinya

Dokar Hidimar Jin Daɗin Jama'a da Walwala ta Wales ta 2014, wadda ta fara aiki a watan Afrilu na 2016, ita ce ginshiƙin tallafa wa masu jinya. Ta ɗora wa ƙaramar hukuma nauyin tantance buƙatun duk wanda ke kula da babba ko yaro mai naƙasa, muddin akwai alamar yana buƙatar taimako. Ta soke tsohon sharaɗin cewa sai jinyar ta kasance mai yawa kuma a kai a kai. Idan tantancewa ta nuna buƙatar da ta cika sharuɗɗa, wajibi ne hukuma ta tsara masa tallafi, kamar samar da wanda zai karɓe shi ya ɗan huta.

A watan Maris na 2021 gwamnatin Wales ta fitar da manufar masu jinya mai ginshiƙai huɗu: gano su da mutunta su, ba su bayani da shawara da taimako, ba su damar yin rayuwarsu a gefen jinya, da tallafa musu a makaranta da wurin aiki. A 2022 ta biya fam 500 sau ɗaya ga masu karɓar alawus ɗin jinya, ta kuma ware fam miliyan 9 na shekaru uku domin shirin gajeren hutu.

Duk waɗannan dokoki da manufofi an wallafa su cikin Welsh da Turanci. Dokar Gwamnatin Wales ta 2006, wadda wata doka ta 2019 ta jaddada, ta tanadi cewa nassin Welsh da na Turanci na dokar da aka zartar cikin harsuna biyu matsayinsu ɗaya. Ba a ɗaukar ɗaya a matsayin asali, ɗayan a matsayin fassara. Haka kuma ma'aunan tsara manufa sun wajabta wa ministoci da ƙananan hukumomi su auna tasirin kowace sabuwar manufa a kan harshen, su kuma tambayi jama'a game da shi a lokacin jin ra'ayi.

Me ya sa harshe ya zama batun jinya

Mai saurin hukunci zai ce kusan duk mai jin Welsh yana jin Turanci, don haka wannan ɗawainiya ado ce kawai. Amsar tana cikin ɗakin mara lafiya. Wanda gigin tsufa ya kama, ko wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki, yakan rasa harshen da ya koya daga baya ya koma wanda ya tashi da shi. Yaron da bai shiga makaranta ba a gidan da ake magana da Welsh ba lallai ne ya iya Turanci ba. Shi ya sa tsarin gwamnatin Wales mai suna Mwy na geiriau, wanda aka fara a 2012, ya ware tsofaffi da yara da masu gigin tsufa da masu taɓin hankali a matsayin waɗanda harshe ke cikin maganinsu.

A 2018 ofishin Kwamishinan Harshe da ƙungiyar Alzheimer's Society ta Wales sun fitar da rahoto a kan jinyar masu gigin tsufa cikin Welsh. Rahoton ya nuna tazara mai faɗi tsakanin manufa da abin da iyalai ke gani, har da tantance marasa lafiya cikin harshen da ba shi ne mafi ƙarfi a wurinsu ba.

Idan hukuma ta gaza, nauyin kan mai jinya yake komawa. A ɗauka wata mata tana kula da mahaifinta da ya daina gane Turanci. Idan ma'aikaciyar da aka turo ta karɓe ta ba ta jin Welsh, tsohon zai ruɗe, ita kuma ba za ta iya fita ba. Hutun da doka ta ba ta ya zama suna kawai. A asibiti kuma ita ce tafinta, ita za ta faɗa wa mahaifinta abin da likita ya gano, tana danne nata hawayen. Ita kanta, ranar da za a tantance ta, ana so ta bayyana gajiya da tsoro da ƙuncin da take ɓoyewa. Irin wannan magana ba ta fita sosai sai da harshen da mutum ke tunani da shi.

Saboda haka aka kafa ƙa'idar da za a iya kira tayi kafin roƙo: ma'aikaci ne zai fara miƙa hidima cikin Welsh, ba sai an nema ba. Hikimar ita ce wanda ke neman taimako yana jin kansa a ƙasa, yana tsoron kada a ce ya cika fitina ko a jinkirta masa. Idan aka jira ya roƙa, ba zai roƙa ba, sai hukuma ta rubuta cewa babu masu buƙata. Ƙa'idar ta ɗauke wannan nauyi daga wuyan gajiyayye ta ɗora wa hukuma.

Ƙofofi uku, dokoki uku

Matsalar farko ita ce mai jinya ɗaya yana ƙwanƙwasa ƙofofi da dama, kuma kowace da dokar da ke bin ta. Ƙaramar hukuma da hukumar lafiya suna ƙarƙashin ma'aunan dole, kuma ma'aunan suna bin aikin ko da an ba wa wata ƙungiya ko kamfani kwangilarsa.

Alawus ɗin jinya kuwa ba a hannun Cardiff yake ba. Ma'aikatar Ayyuka da Fansho ta gwamnatin Birtaniya ce ke biyan sa ga wanda ke jinya ta aƙalla sa'o'i 35 a mako, kuma a shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026 fam 83.30 ne a mako. Wannan ma'aikata tana hidima cikin Welsh, amma bisa tsarin alƙawari na dokar 1993, wanda ikon Kwamishina a kansa bai kai na ma'aunai ba. Haka dokar hutun jinya ta 2023, wadda ta ba ma'aikaci hutun mako ɗaya babu albashi a shekara daga Afrilu na 2024, daga majalisar Landan ta fito.

Ƙofa ta uku ita ce ta likitocin unguwa da masu sayar da magani da likitocin haƙori, waɗanda akasarinsu 'yan kwangila ne masu zaman kansu. Su ne suka fi kowa ganin masu jinya, amma ba a ɗora musu cikakkun ma'aunai ba. A 2019 an ba su wasu nauye-nauye shida marasa tsauri, kamar sanya alamu cikin harsuna biyu da rubuta harshen da mara lafiya ya zaɓa. Sakamakon haka haƙƙin mutum yana ƙaruwa ko raguwa gwargwadon ƙofar da ya shiga.

Inda gizo ke saƙar

Matsala ta biyu ta fi zurfi. A watan Oktoba na 2024 Michelle Morris, mai sauraron koke-koken jama'a a kan hukumomin Wales, ta fitar da sakamakon binciken da ofishinta ya yi a ƙananan hukumomi huɗu: Caerphilly da Ceredigion da Flintshire da Neath Port Talbot. An gano cewa kashi 2.8 cikin 100 kacal na masu jinya aka tantance buƙatunsu, kuma kashi 1.5 ne tantancewar ta kai su ga samun tsarin tallafi. Ceredigion tana cikin yankunan da Welsh ke da ƙarfi, inda kimanin kashi 45 cikin 100 ke jin harshen.

Wannan adadi yana da ma'ana ga batun harshe. Haƙƙin a tantance mutum cikin Welsh bai da amfani ga wanda ba a taɓa kiran sa tantancewa ba. Idan harsunan biyu sun yi daidai wajen rashin samun hidima, an samu daidaito, amma irin wanda babu mai murna da shi.

Matsala ta uku ita ce ma'aikata. Ana iya fassara fom cikin kwana ɗaya, amma ba a samar da ma'aikacin jinya mai jin Welsh cikin kwana ɗaya. Fannin kula da tsofaffi a Birtaniya yana fama da ƙarancin albashi da ƙarancin hannu, har ya dogara ga ma'aikata daga ƙasashen waje. Adadin masu jin Welsh kuma ya sauka daga 562,000 a 2011, duk da burin gwamnati na kaiwa miliyan ɗaya nan da 2050. Masu suka suna cewa tsaurara sharaɗin harshe zai ƙara wahalar cike guraben aiki, kuma maganarsu tana da tushe. Shirin Mwy na geiriau na 2022 zuwa 2027 ya bi hanyar tsakiya: kowane ma'aikacin lafiya da jin daɗin jama'a ya samu horon sanin muhimmancin harshen, ya kuma iya gaisuwa da 'yan kalmomin girmamawa. Gaisuwa tana sanyaya zuciya, amma ba za ta wadatar wajen tattauna gajiyar shekara goma ba. Wannan sai an san ma'aikatan da suka iya harshen sosai, an kuma tsara jadawalin aiki yadda za a haɗa su da gidajen da ke buƙatar su.

Abin da za a auna

Ga masu rubuta manufofi da masu taimaka wa shugabanni, darasin Wales a fili yake. Haƙƙin harshe ya fara ƙarfi ne lokacin da aka ba shi ranar fara aiki, da jami'in da zai bibiya, da hukuncin saɓawa. Ya tsaya cak a wuraren da aka bar shi ga kyakkyawar niyya. Kuma ma'aunin nasararsa a fannin jinya ba yawan takardun da aka fassara ba ne. Tambayoyin da za su nuna gaskiya su ne: masu jinya nawa aka tantance, nawa aka fara yi wa tayi cikin Welsh kafin su nema, kuma nawa ne suka samu mai karɓar su wanda tsohon da ke kwance zai iya gane maganarsa.

Eileen Beasley ta yi shekara takwas tana neman takarda ɗaya cikin harshenta, kuma ta samu. Jikokin zamaninta yau suna da takardun. Abin da matar da ke jinyar mahaifinta a Gwynedd ke jira shi ne mutumin da zai shigo gidan ya yi wa tsohon magana ya amsa, ita kuma ta samu ta rintsa.