Darasin Bagauda ga Masu Son Baƙi Su Kwana a Birnin Kudu

A zamanin mulkin Audu Bako, tsakanin 1967 da 1975, tsohuwar Jihar Kano ta gina madatsun ruwa da dama, ciki har da Bagauda da Tiga, wadda aka kammala a 1974. A bakin tafkin Bagauda aka kafa otal na alfarma domin jawo masu yawon buɗe ido. Yau harabar otal ɗin ta zama reshen Kano na makarantar horas da lauyoyi ta ƙasa. Ginin bai tashi a banza ba, amma manufar farko ta mutu. Babban otal na gwamnati yana buƙatar ɗimbin baƙi da kuɗin gyara kullum, garin da ke nesa da birni kuwa ba ya iya samar da ko ɗaya.

Wannan darasi ya shafi kudancin Jigawa kai tsaye. Birnin Kudu tana da abin da garuruwa kaɗan ke da shi: zanen shanu na mutanen dā a jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude, da duwatsu masu amo kamar ƙararrawa, waɗanda masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950. Tana da babban asibitin tarayya da ke karɓar marasa lafiya daga Gwaram har zuwa ƙasar Bauchi. Matsalar ita ce baƙon da ya zo kallon duwatsu yakan juya Dutse ko Kano kafin magariba. Wanda bai kwana ba kuwa bai ci tuwon dare ba, bai sayi fura ba, bai hau babur ɗin kowa da safe ba. Ƙura kawai ya bari.

Abin da yankin ke buƙata shi ne ƙaramin masauki mai ɗakuna goma ko sha biyu, a bakin ruwa inda hali ya yi, a hannun ɗan gari. Bukatun matafiyi ba su da yawa: shimfiɗa mai tsabta, gidan sauro, ruwa a banɗaki, wutar sola da za ta juya fanka har asuba, wurin salla, da mai gadi. Irin wannan masauki yana iya rayuwa da malaman jami'a masu bincike, da 'yan jinya, da ma'aikatan da aka turo aiki, ba sai ya jira Turawa ba.

Akwai masu ƙyamar lamarin, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. A ƙauyuka da yawa kalmar otal ta haɗu da baɗala, har uba kan hana ɗansa aiki a can. Sai dai saukar baƙo don kuɗi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Fatake sun yi ƙarnuka suna sauka a zango, inda maigida ke ba su ɗaki, ya adana kayansu, ya haɗa su da masu saye, kuma ya tsaya musu idan rigima ta taso. Mutuncinsa shi ne jarinsa. Masaukin da ke rubuta sunan kowane baƙo, wanda mai unguwa ya san mai shi, ya fi kusa da wannan gado fiye da abin da ake tsoro.

Aikin gwamnati a nan kaɗan ne, amma babu mai yi sai ita: hanya zuwa duwatsun, filin gini mai takarda, lasisi marar wahala, da duba tsabta a kai a kai. Hausawa sun ce baƙonka annabinka. Kafin a karrama shi, sai an fara ba shi inda zai kwanta.