Waiwaye: Ina Zaƙin Masarar Damina Ya Tafi?

Mu da muka tashi a gefen gona mun san abin da ake yi idan masara ta yi goyo. Dattijo zai ɗan buɗe ɓawon, ya danna ƙwaya ɗaya da farce. In farin ruwa ya tsarto, lokacin gashi ya yi. In ta yi tauri, sai a bar wa rumbu. Kuma babu wanda bai san cewa masarar da aka karya aka ɗora kan garwashi nan take ta fi wadda ta kwana a buhu zaƙi nesa ba kusa ba. Iyayenmu ba su san sunan abin ba, amma hannunsu ya san shi.

Ganye ne ke haɗa sukari da hasken rana, ya bi ta kara zuwa totuwa. A gindin kowace ƙwaya akwai wani sinadari da masana ke kira inbatas, yana zaune kamar mai gadin ƙofa. Shi ke raba sukarin gida biyu, gulukos da furuktos, kuma muddin yana rabawa, sabo na ta kwararowa. Aikinsa ya fi ƙarfi wajen kwana 12 bayan ƙurar fure ta sauka kan gemun masara. An ga irin masarar da ta rasa shi: ƙwayarta kan tsumbure, ta yi asarar kusan kashi 70 cikin ɗari na nauyinta. Daga ciki kuma wasu sinadaran ne ke karɓar sukarin suna mayar da shi sitaci, wato garin tuwonmu. Ba sa tsayawa don an karya goyon, shi ya sa zaƙin ke raguwa kafin gari ya waye.

Yaranmu na birni fa? Tasu masarar ta yi doguwar tafiya a mota kafin ta iso bakin titi, sai su ɗauka haka Allah ya yi ɗanɗanonta. Wanda bai sha miyar wani gida ba, ai ba ya raina ta gidansu.

A 1953, wani masani a Jami'ar Ilinoi ta Amurka, John Laughnan, ya bayyana cewa wata masara mai yamutsattsiyar ƙwaya ta fi sauran zaƙi. Daga baya aka gano cewa sinadarin da ke fara haɗa sitaci a cikinta rarrauna ne, sukarin sai ya taru. Kamfanonin iri ba su ba shi muhimmanci ba da farko, ga shi irin ba ya tsira da kyau. Yau zuriyarta ta cika kasuwannin ƙasar.

Mu kuwa masu tuwo, sitacin muke nema, kuma nan ne tsoron magabatanmu yake da tushe. Sun fi fargabar ruwa ya ɗauke lokacin da masara ke fitar da gemu fiye da kowane lokaci. Fari a wannan gaɓa yana karya ƙarfin inbatas, ƙwayoyin saman totuwa su mutu tun suna ƙanana, a ɓare goyo a tarar da giɓi. Zafi mai tsanani shi ma yana raunana sinadarin sitaci, hatsi ya fito ba nauyi. Yanzu da damina ke yi mana wasa da hankali, masu binciken noma a Samaru ta Zariya suna fitar da irin masara mai jure fari da mai saurin nuna, kuma ya kamata irin nan ya isa hannun ƙaramin manomi kafin shuka.