A DUBA TAYA TUN A TASHA

Duk wanda ya ke shiga tashar Kawo ko ta Mando ya san yadda ƙananan motocin nan masu kujeru bakwai, irin su Sharan da Galaxy da Sienna, suka sami babban rabo a cikin aikin ɗaukar fasinja zuwa Zariya da Kano da Funtuwa da Katsina. Jama'a suna son su sabo da saurin cika da saurin isa. Amma ya kamata a tuna cewa masu ƙera su sun yi su ne domin magidanci da iyalinsa, mutum bakwai har da direba. A tashoshinmu kuwa sai a ɗura musu mutum tara ko goma, a cika but da buhuna har ya ƙi rufuwa, a ɗaure da igiya. Dukan wannan nauyi a kan tayoyi huɗu ya ke, kuma abin da ke taɓa kwalta a kowace taya bai fi faɗin tafin hannu ba sosai.

Mu a namu ra'ayin, lokaci ya yi da za a mai da duban taya wajibi tun a cikin tasha, kafin fasinja na farko ya zauna.

Idan taya ta fashe a kan hanya sai a ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Ba mu musun ƙaddara. Amma taya ba ta cika fashewa haka nan ba, da dalili. In an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, ko iskarta ta yi kaɗan, gefenta ya kan lanƙwashe ya miƙe a kowane juyi. Wannan lanƙwasa ita ke haifar da zafi a cikin roba, ga kuma zafin kwalta a watan Maris da Afirilu. A hankali robar ta rabu da wayoyin ƙarfen da ke riƙe da ita, sa'an nan ta tarwatse, sau da yawa bayan direba ya yi nisa, ya kuma taka mota.

Ga abin da masu motoci da yawa ba su kula da shi ba wajen saye. Su kan dubi girman taya kaɗai. Mutum ya je Panteka ya ce a ba shi 195/65 R15, aka ba shi, ta hau wili daidai, shi ke nan. To, bayan wannan lamba akwai wata ƙarama da ke biye da ita, ita ce ke faɗin nauyin da tayar za ta iya ɗauka. Wadda aka rubuta wa 91, irin ta ƙananan motoci kamar Golf, iyakarta kilo 615. Tsohuwar Sharan kuwa, a wannan girman, tana bukatar taya mai ƙarin ƙarfi, mai lamba 95, wadda ke ɗaukar kilo 690. A ido duk ɗaya su ke. Amma bambancin kilo 75 ne a kowace ƙafa, watau kilo 300 a ƙafafu huɗu, nauyin buhun siminti shida ke nan. Motar da aka riga aka yi wa lodi fiye da kima, aka kuma sa mata tayar da ba ta kai ba, an cuce ta sau biyu. Masu Hiace su ma su lura da harafin C a ƙarshen lambar tayarsu, gama shi ne alamar tayar motar aiki.

Sai maganar tayoyin gwanjo. Mun san abin da ya jefa mutane cikinta. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina yin taya a Ikko a 2008, tun daga nan ƙasar nan ta dogara ga tayoyin waje, kuɗinsu kuwa yana bin darajar Naira. Direban da zai kai wa mai mota balas kowace rana, ya sayi mai, ya ciyar da gida, in ya ga taya a rabin kuɗi lalle ransa zai biya. Ba mu ce wauta ce ta sa shi ba. Duk da haka tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin kayan da dokar kwastan ta hana shigowa da su, kuma ba a banza aka hana ba. Waɗansu an cire su ne a Turai domin sun tsufa. Waɗansu kuma tayoyin sanyi ne, masu hoton dutse da ƙanƙara a gefe, an yi robarsu da laushi domin ƙasar da ruwa ke daskarewa. A kan hanyar Zariya da rana tsaka sai su cinye nan da nan. Zanensu ya kan yi kyau a rumfar mai sayarwa, shi ya sa a ke ruɗuwa. Araha dai ba ta ado.

Sanin shekarun taya ba wuya. A gefenta akwai rubutu mai farawa da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta. In aka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha gargaɗin cewa taya ta gama aiki bayan shekara huɗu da ƙera ta. Waɗansu masu ƙera taya sun fi haka sassauci, amma su ba su yi lissafi da lodin tashar Kawo ba, sabo da haka ga motar haya mun fi yarda da ma'aunin hukumar. Wannan duba ya shafi har tayar da a ke kira sabuwa, domin ta yiwu ta daɗe a sito kafin ta zo hannu.

Sauran kulawar ƙananan abubuwa ne. A auna iska da safe kafin taya ta ɗau zafi, da geji, a daina bugun taya da sanda ana sauraron ƙara. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko a murfin tankin mai, kuma kashi biyu ne: na mota marar kaya da na mai cikakken lodi. Na biyun shi ne na motar haya. Zanen taya in ya ragu ƙasa da milimita 1.6 ta suɗe, ba ta iya korar ruwa daga ƙarƙashinta, kuma daminar Kaduna doguwa ce. In gefe guda ne ke cinyewa, ƙafafun motar ne suka karkace, a kai a daidaita su. Wilin da rami ya lanƙwasa aka buga da guduma ya kan riƙa sakin iska a ɓoye, wanda ya tsage kuwa ba a yi masa walda, sai canji. Mun sha ganin mota ta yi lodi da noti huɗu a inda a ke bukatar biyar, da safayar da ta fi sauran lalacewa.

To, wa zai duba? Ma'aikatan kiyaye haɗurra da na duba lafiyar motoci suna tare motoci a hanya, kuma aikinsu ne. Amma a lokacin mota ta riga ta cika, fasinja suna gaggawa, har su kan taya direba roƙo a sake shi. Fasinja kuma shi kaɗai ba ya iya tsayawa yana karanta lambar taya, za a ce masa in ba ya so ya sauka. Ƙarfin yana hannun shugabannin ƙungiyar direbobi, domin su ne ke riƙe da layi, ba motar da za ta yi lodi sai sun rubuta lambarta. Abin da mu ke roƙo shi ne su zaɓi mutum ɗaya a kowane layi, su ba shi geji, a koya masa karanta lambobin nan biyu, ta nauyi da ta shekara. Masu faci suna nan bakin ƙofar kowace tasha, ba sai an nemo su ba. Duban ƙafa huɗu da safaya ba zai kai minti biyar ba. Ma'aikatar da ke kula da sufuri a Jihar Kaduna ta shiga ciki ta sa dukan tashoshi su bi ƙa'ida ɗaya, don kada direban da aka hana a Kawo ya zagaya ya yi lodi a bakin titi. Motar da tayarta ta kasa, a tsallake ta a ba na bayanta, in ta canja ta dawo a mayar mata da layinta.