Aerith Ba Raƙumi Da Akala Ba Ce

Tun da kamfanin Square na ƙasar Japan ya fitar da wasan bidiyo mai suna Final Fantasy VII a 1997, masu buga shi suke yi wa Aerith, budurwar nan mai tallan furanni, kallon abar tausayi kawai, wadda Sephiroth ya soke da takobi tana cikin addu'a. Har aka shekara da shekaru ana jita-jitar wai akwai dabarar ta da ita, sai ka ce kayan Cloud, jarumin wasan, aka ƙwace.

Lalle an zalunce ta. Tana ƙanƙanuwa kamfanin Shinra ya tsare ta da mahaifiyarta Ifalna domin gwaje-gwaje, sai tana shekara 7 suka tsere, uwar ta rasu a tashar jirgin ƙasa. Shi kansa Cloud ya taɓa dukanta sa'ad da hankalinsa ya gushe.

Amma fa a dubi abin da ta aikata. Ita ta miƙa kanta ga mutanen Shinra domin a ƙyale ƙaramar yarinya Marlene. Ita ce kuma, bayan dukan nan, ta bar ayarin ba da izinin kowa ba, ta nufi kufan birnin kakanninta, don ta san ita kaɗai ke iya addu'ar da za ta tare dutsen da Sephiroth zai jefo wa duniya. Masu cewa mutuwa ta je nema su ma sun kuskure, gama ta shaida wa Cloud cikin mafarki za ta dawo. Aiki ta tafi yi, kuma kafin takobin ya same ta addu'ar ta riga ta isa.