Kada a Yi Rowar Allurar Garmaho

A wasu tsofaffin gidajen Kontagora har yanzu ana samun faya-fayan Mamman Shata da na Ɗan Maraya Jos a ƙasan akwatin ƙarfe, kuma jikoki sun fara zaro su. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne garmahon da ake ɗora su a kai. Ƙananan garmaho masu araha suna zuwa da kan allura na tangaran, wanda kan danne faifai da nauyin kusan giram 5, yana ƙwarzar siririn layin da muryar ke kwance a ciki duk zagaye ɗaya. Layin nan idan ya cinye, ba mai gyara shi. Shata kuwa ya rasu tun 1999, balle a ce ya sake rerawa. Ni dai ina goyon bayan kan allura mai maganaɗisu. Irin su Audio-Technica AT-VM95E giram 2 suke buƙata, kuma idan bakin ya dakushe sai a zare shi a sa sabo, kan yana nan. Amma a fara duba ko hannun garmahon zai karɓe shi, domin yawancin masu arahar ba sa yarda a sauya musu. Tsofaffin faya-fayai masu nauyi, masu juyi 78 a minti, layinsu ya fi faɗi, allurarsu daban ce, mai kaurin baki. A hunturu kuma, da ƙura ta lulluɓe gari, a share faifai da tsumma mai laushi kafin a sauke masa allura.