LAFIYAR IYALINMU: Rufin Asirin Wanda Fitsari Ke Kuɓuce Masa



A cikin wasiƙun da suka iso mana akwai ɗaya wadda mai ita ta roƙa kada a faɗi sunanta ko garinsu. Ga zancenta a taƙaice. Mahaifiyarta ta haura shekara 70. Tun da aka san ta ba ta fashin sujada, ita ce ma mai buga tulu a Zumuntar Mata. Amma yau wata 8 ke nan ba ta taka ƙofar majami'a ba, domin fitsari ya fara kuɓuce mata. 'Ya'yanta suka haɗa kuɗi suka saya mata ƙunzugun manya, wanda a kasuwa ake ce da shi famfas ɗin manya. Ta sa sau ɗaya, ta ce sam ba za ta fita da shi ba, gama mutane za su ga tudu a bayanta, su ji ƙarar leda, su kuma ji wari. 'Yar'uwarmu ta tambaya, "Yaya za mu yi Mama ta koma cikin jama'a?"

'Yar'uwa, mun gode da kika rubuto. Ki sani ba gidanku kaɗai ba ne. Akwai dattawa maza da mata da yawa waɗanda suka daina zuwa sujada, da biki, da gaisuwar mutuwa, mu kuwa muna cewa ciwon ƙafa ne. Wanda ya kulle kansa a ɗaki saboda kunya yakan rame, ya yi shiru, zuciyarsa ta karaya, har wannan ya fi ciwon kansa cin mutum.

A fara da asibiti

Kuɓucewar fitsari ba zunubi ba ne, ba ƙazanta ba ce, ba kuwa dole ne kowane tsoho ya yi ta ba. Tana da dalilai. A wurin mata, yawan haihuwa yakan sa naman da ke riƙe da mafitsara ya saki, sai fitsari ya ɗiga in an yi tari, ko dariya, ko an ɗaga tulun ruwa. A wurin maza, akwai wata ƙwaya a ƙarƙashin mafitsara wadda takan kumbura da shekaru, likitoci na ce da ita furostet. Ciwon sukari, da shanyewar ɓarin jiki, da ƙwayoyin cuta a mafitsara, da taurin bayan gida, da waɗansu magungunan hawan jini masu sa yawan fitsari, duka suna iya jawo wannan. Da yawa daga cikinsu suna da magani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da muke rufewa daga idon jama'a, kada mu rufe wa likita.

Idan kuwa fitsari yana zuba dare da rana ba tsayawa, tun bayan doguwar naƙuda, wannan yoyon fitsari ne, aiki ake yi a ɗinke. Ana yin wannan aiki a asibitin Evangel na Jos, da Babbar Ruga a Katsina, da Danja kusa da Maraɗi a ƙasar Nijar. Kada a bar irin wannan 'yar'uwa a cikin ƙunzugu shekara da shekaru.

Akwai kuma motsa jiki da wani likitan Amurka, Arnold Kegel, ya bayyana a 1948. A matse naman da akan matse in ana riƙe tusa, a ƙirga biyar, a saki. A yi sau 10, safe da rana da yamma. Ba wanda zai san ana yi. Sai an jure kamar wata 3 kafin a ga amfaninsa sosai.

Zaɓen ƙunzugun

Yawancin tudun da ake gani a bayan mutum daga kuskuren saye yake fitowa. Mukan sayi mafi girma da mafi kauri, muna zaton ya fi riƙewa. Ba haka ba ne. Wanda ya yi wa mutum yawa yakan tattare a baya, ya bar ƙofa a cinya, fitsari ya bi ta nan. Ki ɗauki tef ɗin tela ki gwada ƙugun Mama da kwankwasonta, ki duba awon da aka rubuta a jikin ledar, ki sayi wanda ya yi daidai. Ki fara da ƙaramin ƙunshi, in ya karɓe ta sa'an nan ki ƙara.

Iri uku ne aka fi samu. Akwai siriri mai kama da audugar mata, wanda akan manna a cikin wandon ciki, ya isa ga mai ɗigo kaɗan, akwai ma wanda aka yanka domin maza. Akwai wanda akan zura kamar wando, shi ya fi kwanciya a jiki, shi ya fi dacewa da mai tafiya da ƙafarsa. Akwai kuma mai mannewa a gefe, wanda ya fi kauri, a bar shi domin dare ko domin wanda ke kwance. Audugar al'ada ba ta maye gurbin waɗannan, gama ba domin fitsari aka yi ta ba. Na fitsari yana da wani gari a ciki mai shanye ruwa ya daskarar da shi kamar kamu, shi ya sa siriri ma yakan riƙe da yawa.

Kada a sa biyu, ɗaya a kan ɗaya. Bayan na farkon ba ya barin ruwa ya wuce zuwa na biyun, sai ƙarin tudu da zafi kawai. Game da ƙara kuwa, ki taɓa bayansa kafin ki saya. Mai santsi kamar leda shi ke ƙara. Mai laushi kamar ƙyalle ba ya yi.

Tufafin da za a sa a kai

A nan mun yi sa'a, gama irin suturarmu ta ƙasar nan mai yalwa ce. Abu na fari, a sa wandon ciki na auduga wanda ya kama jiki a bisa ƙunzugun. Shi zai danne shi ya kwanta, ya hana shi zamewa, ya kuma kashe sauran ƙara. Mace ta ƙara da fatari, sa'an nan zane. Atamfa mai zane-zane da launi mai duhu ta fi rufewa, in ma an sami ɗan jiƙewa ba ya nunawa da sauri. Ɗaurin zane biyu irin na iyayenmu mata, da riga mai saukowa ƙasa da kwankwaso, da gyale a kafaɗa, ba abin da ido zai gani. Abin da za a guje wa shi ne matsattsen siket, da yadi mai santsi mai manne wa jiki, da farin yadi marar kauri wanda rana ke ratsawa. In anko ɗin Zumunta ya matse, a kai wa tela ya buɗe shi kaɗan, ba sai an gaya masa dalili ba.

Namiji ya sa wando mai mazagi, da kaftani ko jamfa mai kai wa gwiwa. Mai babbar riga ba shi da damuwa ko kaɗan. Mai sa kayan Turawa ya sayi wandon da ya ɗara nasa kaɗan, mai duhu, ya saki shat ɗinsa a waje, kada ya cusa, domin bakin ƙunzugun yakan leƙo in an sunkuya.

In an gama shiri, ki tsaya a bayan Mama a cikin ɗaki. Ta yi tafiya, ta zauna, ta tashi, ta durƙusa kamar za ta yi addu'a. Ki gaya mata gaskiyar abin da kika gani. Maganar 'yarta cewa ba abin da ya nuna ta fi madubi kwantar mata da rai.

Wari

Da yawa sukan daina shan ruwa domin fitsari ya ragu. Wannan kuskure ne. Fitsarin wanda ba ya shan ruwa yakan yi ja, ya yi ƙarni, ya kuma dami mafitsara. A sha ruwa kamar kullum, sai dai a rage da dare. Abin da za a rage shi ne shayi, da kofi, da goro, da lemon kwalba mai baƙi. Turare ba ya kashe warin fitsari, haɗuwa suke yi su fi muni. Maganin wari shi ne a sake ƙunzugu in ya jiƙe, a wanke jiki da ruwa da sabulu marar ƙarfi, a tsane sarai, a shafa ɗan basilin domin kada fata ta saɓule, tun ba a lokacin bazara ba.

Ƙunzugun kanti yana da tsada. A gida ana iya ninka tsohon zanen auduga ko tawul mai laushi, a wanke da sabulu, a shanya a rana ya bushe ƙarau. Na kanti a ajiye domin ranar fita.

Ranar Lahadi

Mama ta kewaya kafin a bar gida, ta sa sabo. A cikin jakar Littafinta a sa guda ɗaya, da ƙaramin ƙyalle, da baƙar leda. Ta zauna a bakin benci kusa da ƙofa. Wanda aka cire a naɗe a ƙulle cikin ledar a komo da shi gida. Kada a jefa a masai na ruwa, zai toshe, a masai na rami kuwa ba ya ruɓewa. Dattawan ikkilisiya su ma su duba makewayin majami'a. In ba ƙofa mai rufuwa, ba ruwa, to, mu ne muke korar tsofaffinmu.

Bakin mutanen gida

Zane yana iya rufe ƙunzugu, amma ba ya rufe bakin mutane. Sau da yawa asiri ba daga tufafi yake tonuwa ba, sai daga jikan da aka aika kanti yana faɗa da ƙarfi, ko surukar da ta ba maƙwabciya labari, ko wadda ta kawo zancen a taron addu'a har da suna. A roƙa wa Mama lafiya, Allah ya san sauran.

Ku karanta Farawa sura 9. Ham ya ga tsiraicin mahaifinsa Nuhu, ya fita ya ba da labari. Shem da Yafet kuwa suka ɗauki mayafi, suka shiga da baya da baya, suka rufe shi ba su duba ba. Nuhu ruwan inabi ne ya kai shi ga haka, duk da haka 'ya'yan kirki suka suturta shi, balle uwar da haihuwarmu ce ta raunana jikinta. Ita ta wanke mana ƙunzugu muna jarirai, ba ta yi shela ba. Yanzu lokacin ramawa ya yi.

'Yar'uwa, kada ki matsa mata. Ku fara da zuwa gaida maƙwabta na rabin sa'a, sa'an nan taron Zumunta, sa'an nan sujadar Lahadi, ke kuwa ki zauna kusa da ita. Muna addu'a tulun nan ya koma hannun mai shi. In ya koma, ki rubuto mana mu yi godiya tare.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.